Sunaye Cikin Turmi

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce a daina ɓoyewa, akwai yunwa a ƙasa, ita ce shekarar da dangina suka fara gaishe ni da hannu biyu. Kafin nan ni sakatariya ce kawai a wani ƙaramin poroje na agaji a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, ɗaki biyu da rumfa, kuma yawancin aikinmu rubuta rahoto ne cewa komai lafiya. Da aka ba yunwa izinin fitowa fili sai buhunan hatsi suka fara isowa daga Yamai, kuma duk gidan da zai samu sai sunansa ya bi ta ordinatar, wato kwamfutar da ke gabana. Ita ɗaya ce a ofis, ni kaɗai kuma na iya ta. Mu uku ne ma'aikatan: Shef, da ni, da Baba gardi mai riƙe da mabuɗai.

Ana cikin haka takarda ta zo daga manyanmu. Shef ya sa tabarau ya karanta mini a tsaye. Duk wanda ke riƙe da sunayen mutane a ordinatar dole ya ci jarrabawar tsaron bayanai ya kawo shaida kafin a yi girbi. Wanda ya faɗi, za a turo mai difloma daga Yamai ya hau kujerarsa. Ni kuwa brebe, takardar gama kolej, kawai gare ni da wata shida na koyon buga rubutu. Kujerar nan ita ke ciyar da ni da Inna, ƙanwar mahaifiyata da ta raine ni, in an haɗa da ɗan abin da take samu a suyar ƙosai.

"Madmazel," in ji Shef, "ki ci abin nan. Ba ni son a kawo mini yaron da zai riƙa gyara mini Faransanci."

Tare da takardar aka aiko da littafi, hotokofi mai kauri kamar bulo. Ni duniya a littattafan soyayya na koye ta, waɗanda ake kawowa daga Kano cikin buhu a baza su a tabarma ranar kasuwa kusa da masu turare. Don haka na buɗe wannan ma kamar yadda nake buɗe su, ina neman wane ne mugu, wace ce abar tausayi. Ban sha wahala ba. Abar tausayi ita ce bayanai, kyakkyawa mai rauni, kowa na son ya kai hannu gare ta. Abu uku ake tsare mata: kada wanda bai kamata ba ya gan ta, kada a sauya ta a ɓoye, kuma a same ta a lokacin da ake bukatarta. Na ce a raina, ai wannan tarbiyyar 'ya mace ce aka rubuta da Faransanci. Mugun kuma sunansa pirat. Akwai zanensa a shafi na goma sha wani abu, saurayi cikin riga mai hula, fuskarsa a inuwa, yana zaune a wata ƙasa mai sanyi, ya hana kansa ci da sha don ya shigo inda aka hana shi.

Sai da na yi kwana uku ina komawa ga zanen nan. Ban taɓa samun wanda ya bar abinci saboda ni ba. Na riƙa ganinsa yana gwada kalmar sirrina sau dubu yana faɗuwa, yana girgiza kai, yana cewa wace ce wannan yarinya ta Kurfai. Na sauya kalmar na sa mai tsawo, har ni kaina sai na yi bisimilla kafin in tuna ta. Na juya tebur fuskar ordinatar ta kalli bango. Baba gardi, wanda ya saba tsayawa bayana yana kallon yadda baƙaƙe ke fitowa, ya yi fushi ya daina kawo mini goro.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne ordinatar tamu ba ta haɗe da komai sai bango. Babu intanet a ofis. Rahoto a kile muke sa shi, ɗan abin ajiyar nan mai kamar yatsa, direban manyanmu ya tafi da shi Yamai cikin aljihun gaba tare da asuwakinsa. In pirat na son ya iske ni, sai ya sauka a Yamai, ya nemi tasha, ya jira mota ta cika, ya sha rami har Baleyara, ya sake shan wani har Filinge, sannan ya gaida Baba gardi ya tambayi lafiyar iyali.

Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, akwai kuma dosiye: ka nemo haɗari na gaskiya a wurin aikinka, ka auna yiwuwarsa da girman ɓarnarsa, ka ɗauki mataki, shugabanka ya sa hannu, sannan ka je ka kare shi gaban alƙalai. Littafin ya ce hanya huɗu ake bi da haɗari. Ko ka rage shi, ko ka kauce masa, ko ka ɗora wa wani, ko ka haƙura da shi. Da na karanta wa Shef sai ya ce, "Ta huɗun nan ai mu muka ƙirƙiro ta. Rubuta ta ko'ina in sa hannu."

Na rubuta shafi goma sha biyu a kan pirat. Na ba shi dalili, na ba shi haƙuri, saura kaɗan in ba shi uwa mai ciwo. Direba ya kai wa malamin da ke duba mana a Yamai. Bayan mako guda ya dawo da shi, an ja jan layi tun daga sama har ƙasa, an rubuta tambaya ɗaya a gefe: "Kin taɓa ganinsa?"

Na yi kuka a bayan ofis. Saura wata biyu, ba ni da haɗari ko ɗaya.

A nan sai in faɗi wata al'ada ta ofishinmu, wadda na tarar ana yi ban kuma taɓa tambaya ba. Injin buga takardarmu tsoho ne. Kafin ya ba ka shafi ɗaya mai kyau sai ya ɓata biyu ko uku, ya ja baƙin layi a tsakiya, ko ya cinye gefe, ko ya karkace. Ɓatattun a kwali muke tara su. Duk ranar Juma'a kafin a tafi masallaci Baba gardi yakan shimfiɗa tabarma ya kasa su kashi uku, yana daidaitawa da tafin hannu kamar mai rabon naman layya. Kashin Shef na wani mai tsire ne a bakin tasha, abokinsa tun suna yara. Na Baba gardi na mai shayin ƙofar ofis ne, yana naɗe burodi. Nawa kuma na Inna ne. Ba sayarwa muke ba, zumunci ne. Kuma farar takardar ofis daraja gare ta a kasuwa, ta fi takardar buhun siminti nesa. Inna har taƙama take yi. In wata mai ƙosai ta yi mata gori sai ta ce, "Nawa dai cikin takardar gwamnati yake kwana."

Tun da aka fara rabon hatsi kwalin ya riƙa cika da wuri. Kowa ya ji daɗi.

Wata Asabar da safe ina zaune bayan Inna ina miƙa mata ƙullu, littafin jarrabawa a cinyata. Mutane sun yi layi. Akwai wani bakanike mai yawan ba'a da ya yi lekol har aji shida, ya karɓi ƙosansa, ya buɗe, mai ya jiƙa takardar har ta yi haske. Sai ya ɗaga ta sama ya fara karantawa da ƙarfi da muryar mai labaran rediyo.

"Jama'a, ga sanarwa! Mai gida, wane ɗan wane. Sana'a, ɗinki. Bakin da yake ciyarwa, tara. Abinci, sau ɗaya a yini. Kadara, ya sayar da..."

Ya tsaya. Mutumin da ya kira sunansa na tsaye a bayansa, na uku a layi. Dattijo ne tela, mai keke a bakin kasuwa, wanda ba a taɓa ganinsa da riga marar guga ba. Shi ke ɗinka wa rabin ma'aikatan gari kayan salla. Ranar da ya zo ofis ya sa sunansa, sai da ya jira kowa ya watse, ya shigo kamar mai kawo ɗinki, ya yi magana ƙasa ƙasa har sai da na matso. Ni na yi masa alkawari babu mai ji.

Ba wanda ya yi dariya. Mai ya ci gaba da ƙara a kasko. Bakaniken ya duƙunƙune takardar ya ce, "Baba, wallahi ban ga ko wa ne ba." Tela ya gyara hularsa, ya ce wa Inna, "Hajiya, bar nawa, na tuna na karya," ya juya ya tafi a hankali.

Ranar Litinin ya zo ofis. Wannan karon bai jira kowa ya watse ba.

"Ɗiyata, cire sunana."

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Kuskure ne. Baki tara..."

"Na san ko nawa muke. Yanzu mai tsire ma ya sani. Cire."

Ban cire ba, amma bai zo karɓa ba. Sai da Shef ya sa aka kai masa buhun a amalanke an lulluɓe da yadi kamar kayan ɗinki, shi ma sai a karo na biyu ya bari aka sauke.

Zan faɗi abin da ba ni alfahari da shi. A ranar Asabar ɗin, ina jin kunya kamar ƙasa ta buɗe in shige, wani gefe na zuciyata kuma yana cewa, ga haɗari na gaskiya, kin samu dosiye. Na zauna na cika jadawalin da littafi ya tsara. Abin da ake tsarewa: sunayen masu karɓar hatsi. Yiwuwar aukuwa: kowace Juma'a. Girman ɓarna: na rubuta "babba", na goge, na rasa kalmar da ta fi, na sake rubuta ta. Da na zo gurbin da aka ce a faɗi tushen barazana, na daɗe biro na sama. Na so ƙwarai in rubuta injin buga takarda. Daga ƙarshe na rubuta: sakatariya, da shugaba, da mai gadi.

Shef ya karanta ya cire tabarau.

"Ni ne pirat ɗin kenan?"

"Mu duka ne, Shef."

"Kuma wannan za ki kai Yamai da sa hannuna?"

"In babu shi faɗuwa zan yi."

Ya riƙa kaɗa ƙafa. Na san abin da yake aunawa: kunyar takarda ɗaya, ko yaro mai difloma kullum. Ya ce zai sa hannu in na nuna an gyara, ba kafin nan ba. Kuma ni zan je in gaya wa mai tsire.

Mai tsire ya ce Allah ya kyauta, ya rage mini yanka biyu a tsiren da na saya. Mai shayi ya daina amsa gaisuwata. Inna kuwa ta ajiye matsami ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni na goye ki. Ni na tauna miki abinci. Yau takarda za ki hana ni? Takardar da an riga an ɓata?"

"Inna, sunayen mutane ne a ciki."

"Ni na iya karatu ne? Ƙosai ya iya karatu?"

"Masu saye sun iya."

"To a hana su lekol mana, ni mi na yi?"

Saura yadda za a yi da takardun. Littafi ya ce a yayyanka su da inji ko a ƙone. Inji babu. Na zaɓi Lahadi don ofis a rufe yake, na ce kowa na kasuwa, ba mai ganina. Na manta cewa mutanen ƙauyuka, na wajen Tondikandia da na arewa, a jikin katangarmu suke ɗaure jakuna da amalanke saboda inuwar bishiyar bedi, kuma tun da aka fara rabo ba sa wucewa sai sun leƙo ko akwai labari. Na jawo rabin tano, gangar ƙarfe, tsakar fili, na juye kwali biyu, na zuba kananzir, na ƙyasta ashana. Har na tsaya ina kallon wutar ina jin kaina kamar wadda ke ƙone wasiƙun masoyin da ya ci amana.

Iska ta ɗauki wani shafi da ya ci rabi ta tsallake katanga da shi. Wani ya tsinta. Bai iya karatu sosai ba, amma ya gane sunan garinsu da tambarin ofis. Na ji murya ɗaya, sannan goma.

"Ana ƙone sunayenmu!"

Kafin in nemo ruwa fili ya cika. Wasu na cewa an cire su daga rabo za a ba 'yan birni. Wasu na faɗin abin da ya fi wannan muni. Wani dogo ya sa sanda yana tono takardu daga wuta yana hurawa, yana tambayar kowa ko nasa ne. Ina ta cewa sunayenku na cikin ordinatar, babu abin da ya taɓa su, wata mata ta ce to in buɗe cikinta su gani. Baba gardi ya ruga kasuwa ya zo da Shef, da ƙullin nama a hannunsa. Lokacin soja ne, taro ba ya daɗewa kafin mota ta tsaya a kansa, kuma na ga Shef na duban hanya fiye da yadda yake duban mutane. Na ce shi ke nan, ba sai na je Yamai na faɗi ba, a nan gida za a sallame ni.

Sai mutane suka dare, suka ba da hanya. Wata tsohuwa ce ta shigo, 'yar ƙarama, da baƙin zane da zobban azurfa, tana dogara sanda. Daga baya na ji ita ce uwar bori ta wani gari can cikin Kurfai, daga gidajen da ba su bar addinin kakanni ba, kuma ko masu salla na garinsu ba sa gardama da ita. Ta leƙa tanon, ta dube ni.

"Ke, 'yar lekol. Wa ya sa ki wanga aiki?"

"Littafi ne, Kaka."

"Littahin ya san mu?"

"A'a."

"Na gani. Mu nan ba a sa sunan mutum wuta sai in ana son shi bushe. Mutane na jin yunwa, ke kuma kina gasa su. Ko miji kika rasa kike hucewa kanmu?"

Aka yi dariya, ita ce ta farko tun da aka taru. Na ce mata ba mugunta ba ce. Na ba ta labarin ƙosai, ban faɗi ko wane ne ba. Ta saurara tana tauna baki.

"To mi kike so? Hwaɗi gajere, rana na yi."

"Kada kowa ya iya karantawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Don wannan kika tada gari? Ku da kuka yi lekol ba ku da turmi? Jiƙa shi ya kwana. Ki daka. In ya yi laushi ki ba mu mu cuɗa da laka mu yaɓe rumbu. Rumbu ya san sunan masu jiransa, ba laihi ba ne."

Ta juya ga Shef ta nuna ƙullin hannunsa da sanda. "Kai kuma babban banza, kana can kana sayen nama." Shef, wanda sufurfe mai mulkin gari ma ba ya ɗaga masa murya, ya ce, "Gaskiya ne, Kaka." Aka kashe wutar da ƙasa. Abin da bai ƙone ba aka zuba a bokiti a gaban kowa, tsohuwar ta zuba ruwan farko da hannunta, taro ya watse.

Turmi ya zama matsala. Babu matar da za ta ba da turmin abincinta a daka tawada. Inna ta yi mako biyu ba ta yi mini magana ba, ta koma takardar siminti tana soya ƙosai kamar mai zaman makoki. Wata safiya na tashi na ga tsohon turminta mai tsaga a ƙofar ɗakina, da taɓarya a jingine. Na je in yi godiya, na tarar da ita a ɗakina ta jawo kwalin littattafaina daga ƙarƙashin gado tana auna nauyinsa.

"Waɗannan akwai sunan mai yunwa a ciki?"

"Inna, waɗannan..."

"Akwai ko babu?"

Babu. Muka yi ciniki kamar a kasuwar dabbobi. Na ceci guda bakwai, ta tafi da sauran. Na yi kwana biyu ba na bi ta gaban kaskonta don kada in ga jarumar da na yi wa kuka an naɗe ƙosan dala biyar da ita. Amma cinikin Inna ya ƙaru. 'Yan matan kolej suka riƙa dawowa suna cewa a sa musu cikin shafi na gaba, ita kuma da ba ta san gaba da baya ba sai ta yago duk wanda hannunta ya kai, a yi ta musaya a bakin hanya.

Daga nan Juma'a ta sauya. Alhamis da yamma mu jiƙa, Juma'a da safe in ɗaura zane a kan kayan ofis in yi daka a bayan rumfa. Takarda ba ta dakuwa kamar hatsi, tsalle take tana fesa ruwan toka, hannuwana suka yi kanta. Littafi ya ce a rubuta shaidar kowace lalatawa, don haka Baba gardi ya zama mai shaida, yana dangwala yatsa a rajista da fuskar alƙali. Ya dawo da kawo mini goro. Ranar kasuwa mutanen ƙauye su karɓi curin su tafi da shi. Shef ya zo ya tsaya a kaina wata Juma'a, ya sa yatsa ya taɓa abin da ke turmin, ya koma ciki ya sa hannu a dosiye.

Na tafi Yamai ana saura kwana biyu jarrabawa, na sauka gidan wata 'yar ajinmu. Ta rubutu ta zo da tambayoyin da za ka zaɓi ɗaya cikin huɗu. Wasu na sani, wasu na zaɓi wadda ta fi kama da mutumin kirki. Na fito na san ban yi abin a zo a gani ba, dosiye ne zai ɗaga ni ko ya kayar.

Alƙalai uku ne a bayan dogon tebur, ɗaki mai sanyi har haƙorana na haɗuwa. Waɗanda suka shiga kafin ni duk 'yan banki ne da 'yan kamfanin waya, na ji su ta ƙofa suna ambaton abubuwan da ko a littafi tsallake su na yi. Da na zauna, ƙaramin cikinsu, irin waɗanda sai an ce musu Mushe, wato Malam da Faransanci, mai ɗaure da karabat a wuya, ya buɗe dosiyena ya karanta da ƙarfi.

"Matakin da aka ɗauka: turmi." Ya dubi 'yan uwansa. "Madmazel, turmi. Wace ƙa'ida ce ta duniya ta amince da turmi?"

Na ce ƙa'ida cewa ta yi a lalata yadda ba za a iya karantawa ba, ba ta faɗi sunan inji ba.

"Littafi ya ce a ƙone."

"Na ƙone, Mushe. Saura kaɗan a ƙone ni."

Na ba su labarin. Ta tsakiya, wata mace mai furfura a goshi wadda ita ce shugaba, ta sa hannu ta rufe baki. Mai karabat bai yi dariya ba. Ya ce wa ya tabbatar mini cewa mai niyya ba zai iya haɗa abin da aka daka ya karanta ba? Na buɗe jakata na fito da ƙullin hankici na kwance a kan teburinsu. Curi ne busasshe, toka toka, kamar dawo da ya kwana uku.

"Sunayen gari huɗu ne a nan, Mushe. Bisimilla."

Ya juya shi da bakin biro. Na ukun, dattijo da bai ce komai ba tun shigowata, ya ɗauka ya shinshina, ya gutsura, ya murje a tafin hannu, ya ce da Hausa, "Wannan ta daku."

Sai shugabar ta yi tambayar da ban shirya mata ba. Ta ce littafi na maganar haɗarin da ke saura bayan an ɗauki mataki. Nawa fa, mene ne ya saura? Na buɗe baki in kawo abin da na haddace, sai na ga tela yana gyara hularsa. Na ce takardun da suka riga suka fita, wata da watanni, ban san inda suke ba. Na ce akwai wani dattijo da har yau in ya hango ni sai ya duƙar da kai kan kekensa, kuma wannan ban san matakinsa ba. Ta rubuta wani abu, ta ce in tafi.

Bayan kwana uku aka ce sakamako ya fito. Na je dubawa. A jikin katangar waje suka manna shi, bakin titi, inda masu jiran taksi ke tsayawa. Kowa da cikakken sunansa, da ranar haihuwarsa, da garinsu, da lambar wayarsa, da makin da ya ci. Wani mai sayar da katin waya na tsaye yana bi da yatsa yana karantawa don nishaɗi. Na ce masa ya matsa. Na fara daga ƙasa, don a nan na sa rai, ban kuwa yi nisa ba. Ni ce ta uku daga ƙarshen waɗanda suka ci.

Na san abin da ya kamata mai riƙe da irin wannan shaida ta yi da takardar nan. Na duba dama da hagu. Sai na sake karanta sunana sau biyu, na bar ta a manne don duk Yamai ta gani, na tafi neman waya in gaya wa Shef ya daina gyaran Faransancinsa, ba mai zuwa.

Kafin shaidar kanta ta iso Filinge an yi zaɓe, sojoji sun koma bariki. Na zauna a kujerar nan shekara takwas, har ranar da porojen ya rufe don kansa.